Kuɗin gini na jiha, makulli a hannun sherif

A garin Indio da ke gundumar Riverside a jihar Kalifoniya, akwai wani katafaren gidan waƙafi da aka buɗe a 2020. Gadaje sama da 1,600 aka yi masa. Gwamnatin jiha ta zuba dala miliyan 100, gunduma ta ciko sauran. Da aka gama aikin, ɓangare kaɗan aka iya buɗewa. Sauran ɗakunan, sababbi fil, aka bar su a garƙame, saboda gundumar ba ta da kuɗin ɗaukar gandirobobin da za su tsare su. A daidai wannan lokacin kuma gundumar tana sallamar mutane kafin wa'adinsu ya cika, don sauran gidajenta sun cika sun batse, ga kuma umarnin kotun tarayya da ya hana ta cusa mutane fiye da ƙima.

Wannan gini kaɗai ya ishe ni hujja. Jihohin Amurka sun ƙware wajen ba gundumomi kuɗin gina gidan waƙafi, amma ƙalilan ne daga cikinsu suke bin sawun kuɗin su ga yadda ake yi da mutanen da aka kulle a ciki. Ni a ganina, jihar da ba ta shirya riƙe ikon rufe gidan waƙafi ba, ba ta da dalilin sa hannu a takardar gina shi.

Wanda bai saba da tsarin ƙasar ba zai iya ɗauka duk kurkuku ɗaya ne. Iri biyu ne. Akwai kurkukun jiha, inda ake kai wanda kotu ta yanke wa hukuncin da ya haura shekara guda. Akwai kuma gidan waƙafin gunduma, inda ake fara ajiye duk wanda 'yan sanda suka kamo, da masu jiran shari'a, da waɗanda aka yi wa ɗaurin 'yan watanni. A yawancin jihohi sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ne ke riƙe da shi, shi kuwa sherif zaɓarsa ake yi da ƙuri'a, ba gwamna ne ya naɗa shi ba, ba kuma gwamna ne zai kore shi a kan aikin yau da kullum ba. Majalisar gunduma ita ke riƙe da lalita. Irin waɗannan gidaje sun kai kimanin 3,000 a faɗin ƙasar. A tsakiyar 2022, alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna mutum kusan 663,000 ne a cikinsu, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. A shekarar nan, an shigar da mutum ta ƙofofinsu sau fiye da miliyan 7.

Wannan shige da fice shi ne abin da ya sa gidan waƙafi ya fi kurkukun jiha wuyar riƙo. Wanda ya isa kurkukun jiha an riga an san shi, an san ciwonsa, an san maganin da yake sha. Wanda aka kawo gidan waƙafi da ƙarfe biyun dare ba wanda ya san komai a kansa. Wani a buge yake, wani jikinsa ya fara neman ƙwayar da ya saba sha, wani mai taɓin hankali ne da ya kwana biyu bai sha magani ba, wani kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba, hankalinsa ya tashi matuƙa. Shekaru da yawa a jere, kashe kai ne ya fi kowane dalili guda cin rayuka a gidajen waƙafin Amurka, kuma kaso mai yawa na mace-macen a kwanakin farko suke faruwa.

Koken gundumomi yana kan hanya, wannan kam ba na ja. Majalisar jiha ce ke rubuta abin da ya zama laifi da tsawon ɗaurinsa. Alƙali ne ke yanka beli. Mai gabatar da ƙara ne ke jan shari'a wata da watanni. Ba ɗaya daga cikinsu da ke biyan kuɗin abinci ko na wuta ko albashin gandiroba. Gunduma ce ke biya, daga harajin gidaje da filayen mutanenta. In ta ce wa jiha, ke kika cika gidan, kawo gudummawa, ta faɗi gaskiya.

Kalifoniya ce ta fi kowa amsa wannan kira, kuma ba don tausayi ta yi ba. A tsakiyar shekarun 2000 kurkukunta da aka gina don mutum kusan 80,000 suna ɗauke da kusan ninkin haka. An jera gadaje hawa uku a ɗakunan motsa jiki. A 2007 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a dokar AB 900, wadda a cikinta aka ware dala biliyan 1.2 don gundumomi su gina gidajen waƙafi. A watan Mayun 2011 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da umarnin cewa jihar ta rage cunkoso zuwa kashi 137.5 cikin ɗari na abin da aka gina kurkukun don ɗauka. Gwamna Jerry Brown ya nemi mafita, ya samu a dokar AB 109 da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2011: duk wanda laifinsa ba na tashin hankali ba ne, ba babba ba ne, ba kuma na lalata ba, ya yi zamansa a gidan waƙafin gunduma. Daga nan kuɗin gini suka ci gaba da kwarara. Dala miliyan 500 a 2012, wasu miliyan 500 a 2014, miliyan 270 a 2016. In ka haɗa, an doshi biliyan biyu da rabi.

A taƙaice jiha ta sauke kayanta a kan gundumomi, ta haɗa musu da kuɗin siminti. Gidajen da aka tsara don zaman makonni ko watanni suka wayi gari da mutanen da za su yi shekara biyar, wasu sama da goma, a wurin da sau da yawa babu filin shan iska na kirki, babu ajin koyon sana'a, babu asibitin da zai riƙe mai ciwon suga ko na ƙoda shekara da shekaru.

Yadda aka samo kuɗin ma abin dubawa ne. Ba takardun lamuni na gama-gari aka sayar ba, irin waɗanda sai masu ƙuri'a sun amince. Wani nau'i aka zaɓa da ake jinginar da ginin kansa a matsayin haya, wanda majalisa kaɗai ke iya amincewa da shi. Jama'a za su biya bashin shekara da shekaru, amma ba a tambaye su ba. Ita kuma gunduma a zagayen farko an nemi ta kawo kashi 25 cikin ɗari, daga baya aka sassauta zuwa kashi 10, ƙananan gundumomi ma aka ba su damar roƙon ragi. To wane ɗan majalisar gunduma ne zai ga dala tara a kan kowace dala ɗaya tasa ya kau da kai? Sherif yana so, 'yan kwangila suna so, kamfanonin zanen gini da ke rubuta rahoton "buƙata" su ma suna so, kuma ba kasafai za ka ga rahoton da ya ce gadajen da ake da su sun isa ba.

Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi a taron majalisar gunduma ba shi ne kuɗin gini ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Ƙiyasin da masu tsara irin waɗannan gidaje suka daɗe suna aiki da shi ya ce in aka ɗauki shekara 30, gini bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da za a kashe ba. Sauran duk albashi ne, da magani, da abinci, da gyare-gyare. Kujerar gadi ɗaya da dole a samu mutum a kanta dare da rana, har ranar hutu, tana cin ma'aikata kusan biyar. Tallafin gini na jiha bai shafi wannan ba ko kaɗan. Kyautar doki ce aka yi wa wanda ba shi da harawa: ya karɓa yana murna, bayan wata guda ya fara rage abincin gidansa don dokin ya ci. Harawar a nan ita ce kuɗin asibitin gunduma, da na hanyoyi, da na kula da masu taɓin hankali, wato ainihin abubuwan da in an yi su, mutanen da ake kamowa za su ragu. Takardun tallafin sun nemi gunduma ta yi alkawarin samar da ma'aikata, amma abin da ya faru a Indio ya nuna nauyin wannan alkawari.

Sai batun sa ido, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Yulin 2012 Kalifoniya ta kafa hukumar da ake kira BSCC a taƙaice, ta ba ta aiki biyu: ita ke raba kuɗin gini, ita ke rubuta ƙa'idojin gidajen waƙafi ta kuma duba su. A kujerunta akwai sherif-sherif da shugabannin sashen sa ido kan waɗanda aka yi wa ɗaurin talala, wato mutanen da ake dubawa suna cikin masu dubawa. Shekaru da dama ziyararta sau ɗaya ce a shekara biyu, kuma ana sanar da zuwanta. In ta ga saɓa ƙa'ida, sai ta rubuta rahoto. Ba ta cin tara, ba ta rufe gida. Sherif ya karanta ya gyara in ya ga dama.

Gundumar San Diego ta samu dala miliyan 100 daga cikin kuɗin AB 900, ta sake gina gidan waƙafin mata na Las Colinas, gini mai kyau da aka yi ta yabo. A watan Fabrairun 2022 ofishin mai binciken kuɗi na jihar ya fitar da rahoto cewa mutum 185 sun mutu a gidajen waƙafin gundumar tsakanin 2006 da 2020, adadin da ke cikin mafi muni a jihar. Rahoton ya yi magana a kan tantance lafiyar mutum lokacin shigowa da ake yi sama-sama, da zagayen dubiya da gandiroba zai wuce ƙofa bai tabbatar mutumin da ke kwance yana numfashi ba. Ya kuma ɗora wa ita hukumar jihar nata laifin, cewa ƙa'idojinta sun yi sako-sako. Ba sabon bango ne zai magance ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai bayan wannan rahoto majalisa ta motsa: a 2023 aka yi dokar da ta samar da jami'i mai bitar mace-macen da ke faruwa a tsare, aka kuma ƙara wa hukumar kujeru biyu, ɗaya ta ma'aikacin lafiya, ɗaya ta masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. An yi abin kirki, amma shekara 16 ke nan bayan dokar da ta fara ware kuɗin.

Tekzas ta bi wata hanya dabam. A can gundumomi ne ke nemo kuɗin gininsu, galibi ta hanyar bashin da mutanen gunduma za su biya, amma tun 1975 jihar ta kafa hukumar ƙa'idojin gidajen waƙafi mai haƙora. Gwamna ke naɗa mambobinta tara. Tana duba zanen gini kafin a aza tubali. Ta sa dokar gandiroba ɗaya ga mutum 48, da leƙa kowane ɗaki ido da ido aƙalla sau ɗaya a awa, wanda ake tsoron zai cutar da kansa kuma duk minti 30. Wanda ya ƙi gyarawa tana iya umartar a rage masa mutane ko a rufe gidan, gunduma ta kwashi mutanenta ta kai wani wuri ta biya da kuɗinta. Wannan barazana ita ce yaren da majalisar gunduma ke ji.

Ka duba wannan ƙa'ida ta awa ɗaya, don duk maganar sa ido a nan take tsayawa. Takarda ce a jikin allo, gandiroba ya rubuta lokaci ya sa hannu. In shi kaɗai ne a kan ɗakuna da yawa, ga sababbin kamu suna shigowa, ga waya tana ƙara, abu mafi sauƙi shi ne ya zauna ƙarshen aiki ya cike layukan gaba ɗaya da biro ɗaya: ƙarfe bakwai lafiya, ƙarfe takwas lafiya, ƙarfe tara lafiya. Sufeton da ya san aikinsa ba ya tsayawa a takardar, sai ya ɗauko hoton kyamara na wannan daren ya gwada, ya ga ko da gaske wani ya taka zuwa ƙofar. A watan Yulin 2015 wani ɗan sanda ya tsayar da Sandra Bland, 'yar shekara 28, a garin Prairie View saboda ba ta sa sigina ba wajen sauya layi. Aka kai ta gidan waƙafin gundumar Waller, aka yanka mata belin dala 5,000, wanda kusan dala 500 za ta biya ta fita. Bayan kwana uku aka tarar da gawarta a ɗaki. Hukumar jihar ta zo ta gano ba a cika ƙa'idar leƙawa duk awa ba. A 2017 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da aka sa wa sunanta, wadda ta ce duk mutuwar da ta faru a gidan waƙafi wata hukumar tsaro ta daban ce za ta bincika, ba sherif mai gidan ba.

Kada a ɗauka Tekzas ta gama da matsalar. Gidan waƙafin gundumar Harris, inda birnin Houston yake, ya sha faɗuwa a binciken hukumar, mutum sama da 25 suka mutu a cikinsa a 2022, kuma don ta cika ƙa'idar yawan ma'aikata gundumar ta riƙa tura mutanen da ba a yanke wa hukunci ba zuwa gidajen 'yan kasuwa a jihohin Luwiziyana da Misisipi, nesa da iyalansu da lauyoyinsu. Hukumar tana iya tsoratar da ƙaramar gunduma mai gadaje 40. Gida mai mutum dubu tara kuwa, in ta rufe shi ina za a kai su? Kowa ya san ba za ta rufe ba, har da sherif. Haƙora ba tare da kuɗi a hannu ba su ma suna da iyaka. Da jihar na riƙe da wani tallafi da za ta iya bayarwa ko ta hana, da tana da abin ciniki tsakanin rubuta rahoto da rufe gida.

Akwai hanya ta uku da wasu jihohi ke bi, kuma a wajena ita ce mafi muni: biyan kuɗin kai. A Kentaki, tun farkon shekarun 1990 doka ta sa masu ƙananan manyan laifuka su yi zamansu a gidajen gunduma, jiha tana biyan kuɗin kowane mutum kowace rana. An daɗe ana biyan dala 31.34, aka ɗaga zuwa 35.34 a 2022. A Luwiziyana kusan rabin fursunonin jiha a hannun sherif-sherif suke, an kuma yi shekaru ana biyan dala 24.39 a rana. Lissafin a fili yake. Gunduma ta ci bashi ta gina gida da ya ninka buƙatarta, da niyyar fursunonin jiha su biya bashin. Daga ranar, gadon da ba kowa a kai asara ne. Duk ranar da majalisar jiha ta kawo maganar rage ɗauri, sherif zai zo ya tsaya a gabanta, ba don yana mugu ba, sai don yana da bashi a banki da ma'aikatan da ke jiran albashi. Kuma dala ashirin da 'yan kai a rana ba ta barin riba sai an tsuke abinci da magani.

Wasu na ganin duk wannan, sai su ce to a daina bayarwa gaba ɗaya, ko sisin kwabo kada a sa a gidan waƙafi. Ina fahimtar su, kuma suna da misali mai ƙarfi. A watan Disambar 2015 majalisar San Francisco da ke Kalifoniya ta ƙi karɓar dala miliyan 80 da jiha ta ba ta don sabon gida, ta zaɓi rage yawan waɗanda ake tsarewa, kuma a 2020 ta rufe tsohon gidan da ke saman ginin kotunanta ba tare da ta gina madadinsa ba. Haka kuma ƙuri'ar da mutanen jihar suka kaɗa a Nuwamban 2014, wadda ta mayar da wasu laifukan ƙwaya da ƙananan sace-sace ƙananan laifuka, ta rage dubban mutane a gidajen waƙafi cikin 'yan watanni, abin da gini zai ɗauki shekaru bai yi ba.

Amma a duba Los Angeles. A 2019 majalisar gundumar ta soke kwangilar dala biliyan 1.7 ta maye gurbin babban gidan waƙafin maza da aka gina a 1963, daga baya ta ƙudurta rufe shi. Shekaru sun shuɗe, gidan yana nan a buɗe, dubban mutane suna kwana a cikinsa, famfuna na yoyo, mutane na mutuwa. Wanda ke ciki yau, ƙudurin rufewa bai ƙara masa iska ko ruwan zafi ba. A ƙananan gundumomin karkara abin ya fi haka sauƙin gani. Gida ne na zamanin kakanni a ƙarƙashin kotu ko a bayanta, dogon lungu da ɗakuna a jere yadda gandiroba ba ya ganin ciki sai ya tsaya a ƙofa, ƙarafan da mutum zai iya ɗaura zani a jiki, babu wurin ware mace daga namiji yadda ya kamata, babu ɗakin da nas za ta duba mutum a asirce. Gunduma mai mutum dubu goma sha biyar ba za ta taɓa tara kuɗin gyara wannan daga harajinta ba. In jiha ta naɗe hannu, ba sherif ta hukunta ba.

Don haka ni ba na cikin masu cewa a rufe lalita. Abin da nake so shi ne a sauya abin da kuɗin ke saya. Kafin gunduma ta nemi ƙarin gado ko ɗaya, ta buɗe littafinta: mutum nawa ne ke ciki saboda belin da bai kai dala dubu ba, nawa ne shari'arsu ta wuce wata shida ba a fara ba, nawa ne likita ya ce asibitin ƙwaƙwalwa ya kamata a kai su. Wanda zai yi wannan lissafi kuma kada ya zama kamfanin da ke sa ran samun kwangilar zane. Gyara da maye gurbi su riga faɗaɗawa, har ma a fi ba da kaso mai tsoka ga gundumar da za ta rushe gida mai gado 200 ta gina mai 150 da ɗakin jinya, ko ga gundumomi uku na karkara da suka yarda su haɗa gida ɗaya. Majalisar gunduma ta nuna a kasafinta inda albashin shekarun farko zai fito, a rubuce, kafin a saki kason farko.

Sharaɗin da na fi nacewa a kai shi ne wanda sherif-sherif suka fi ƙi. Duk gundumar da ta karɓi kuɗin jiha ta sa hannu cewa sufeto zai shigo ba sanarwa, da dare ko da rana, ya ga kyamara, ya yi magana da waɗanda ke tsare ba gandiroba a tsaye a kansu, a wallafa rahoton kowa ya gani, kuma duk mutuwa wani na waje ya bincika. In ta saɓa ta ƙi gyarawa, a riƙe sauran kuɗin, a rage mata yawan mutanen da za ta iya ajiyewa. Za su ce sherif zaɓaɓɓe ne, mutanen gundumarsa ne ke da ikon tuhumarsa. To, ya tuhumu a wajensu da kuɗinsu. Ranar da ya miƙa hannu ga asusun jiha, mai biyan haraji a ɗaya ƙarshen jihar ya zama mai ruwa da tsaki. Kuma a raba hukumar da ke rabon kuɗi da wadda ke dubawa, domin wanda ya amince da gini jiya ba ya son rubuta cewa ginin ya zama wurin mutuwa yau.

Mai karatu a Najeriya kada ya ɗauka labarin nesa ne kawai. Tsarinmu kishiyar nasu ne, amma ciwon ɗaya ne: mai cika gida daban, mai biya daban. Tun 1968 da aka karɓe gidajen yarin En'e, gwamnatin tarayya ce ke gini, ita ke ciyarwa, ita ke biyan gandirobobi, alhali mafi yawan waɗanda ke ciki dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa, kotunan jihohi ne suka tura su, kuma kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke. Alƙalin majistare da ya ce a kai mutum a ajiye, a dawo bayan wata guda, ba ya ganin kuɗin da wannan kalma ta ci, gwamnansa ma ba ya gani. Su kuma gine-ginen sun gaji. A Afrilun 2024 ruwan sama ya kayar da katangar gidan yarin Suleja, sama da mutum ɗari suka tsere. A Satumbar shekarar, ambaliyar Maiduguri ta rushe bangon wani, sama da 270 suka fice.

Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba kwanturolan gidajen yari na jiha damar sanar da babban jojin jiha in gida ya cika, in kuma ba a yi komai ba cikin wata uku, kwanturolan ya ƙi karɓar sababbin mutane. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Ba da jimawa ba gwamnoni za su fara zuwa Abuja neman tallafin gini, wasu kuma su nemi a miƙa musu waɗanda ke ƙasa, a riƙa biyansu kuɗin kai. Duk wanda ya san yadda ake siyasa a jihohinmu ya san abin da gidan yari a hannun gwamna zai iya zama ga ɗan adawa ko ɗan jarida. Kafin Majalisar Tarayya ta amince da kobo ɗaya na irin wannan tallafi, ya kamata dokar ta fayyace wanda ke da ikon shiga ba sanarwa, da wanda zai binciki mutuwa, da wanda zai iya cewa wannan gida ya cika, kada a ƙara kowa.